Kafin Ka Ce "Lafiyarta Ƙalau"

Duk garejin da ka leƙa da yamma za ka tarar da musun nan da ba ya ƙarewa. Dattijo yana zaune a kan benci yana rantsuwa cewa tun da aka daina ƙera Fijo 504 ba a sake yin mota ba. Magidanci yana cewa Beljiyam, wato ta hannu, ita ce rufin asirin talaka, a ba shi Corolla ko Golf ya huta. Saurayi kuma ya ɗaga wayarsa yana nuna hoton wata sabuwa fil, mai kyamara a baya, wadda ake tayarwa da dangwala yatsa. Ni ma ɗan wannan majalisa ne, kuma ina son mota so na gaske. Sai dai na daɗe ina lura cewa muna ɓata bakinmu a kan wace mota ta fi, mun bar maganar da ta fi shafar rayukanmu, wato gaskiyar wanda ya sayar mana da ita.

Dattijon yana da hujja. Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969, ta kuma lashe gasar Safari ta Kenya a 1975. A wannan shekarar ce masana'antar Fijo da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci, aka ci gaba da fitar da 504 a can shekaru da dama bayan an daina yin ta a Turai. A zamanin akwai Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Marsandi a Inugu. Ma'aikaci kan karɓi bashin mota ya fito da ita a leda, ya san ranar da ta fara taka kwalta. Idan ta yi tari a hanyar Funtuwa, bakaniken gefen titi zai busa kaburata, ya goge fulogi, a ci gaba da tafiya. Abin da dattijon ke kewa ya wuce ƙarfin ƙarfe. Yana kewar motar da ya san tarihinta tun daga farko.

Bayan da darajar naira ta karye daga 1986, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi, sai muka koma ga na hannu. Suka riƙa sauka a Legas da Kwatano, wasu su ratso ta Nijar su shigo Arewa, har gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga farkon 2017. Ba aibi ba ne mutum ya sayi ta hannu. Motar da ta yi shekara goma a hannun mai kula ta fi sabuwar da ta faɗa hannun maras kula. Amma ta hannu tana zuwa da abin da ido ba ya gani, kuma mutum ɗaya ne ya san shi, shi ne mai sayarwa.

Shekaru kaɗan da suka wuce na raka ƙanina sayen mota. Kuɗin da ya tara ne na shekara huɗu, har da na gonar da ya sayar. Motar tana ta ƙyalli, an fesa mata turare, dillali yana shafa bonet yana cewa, "Alhaji, wallahi lafiyarta ƙalau, wata tsohuwa ce ke zuwa kasuwa da ita a can." Aka yi ciniki, aka biya la'ada, aka yi addu'a. Ba a rufa wata biyu ba gilasai suka daina sauka, fitilu suka fara kunna kansu da tsakar dare. Da muka kai ta wajen mai gyaran waya, bai ce komai ba sai da ya ɗaga kafet ɗin ƙarƙashin kujerar direba. Busasshen taɓo ne kwance a wurin, ƙarafan kujera sun yi tsatsa, kawunan wayoyi sun yi kore. Ya dubi ƙanina ya ce, "Yallaɓai, wannan ai ta sha ruwa har wuya." Har yau ina tuna yadda ƙanina ya zauna a kan wata tsohuwar taya ya yi shiru.

Irin waɗannan motoci ba daga sama suke faɗowa ba. Duk lokacin da aka yi babbar ambaliya a Amurka, kamar ta guguwar Katrina a 2005 ko ta Harvey a 2017, kamfanonin inshora kan biya masu motocin da ruwa ya cinye, su yi gwanjonsu da takardar da ke nuna sun lalace. Haka ake yi wa waɗanda suka yi mummunan haɗari. Mai shigo da su ya ga takardar, ya ga hotunan, shi ya sa ya same su da araha. Da zai gyara ya faɗi gaskiya, ya sayar a kan farashin da ya dace, da kasuwanci ya yi na halal. Zaluncin yana farawa ne lokacin da aka mayar da mitar tafiya baya, aka cire ƙwan fitilar da ke gargaɗin matsalar inji, aka zuba baƙin mai mai kauri don ƙara ta lafa, aka cike raunin jiki da fila aka bi da fenti. Mafi muni shi ne jakar iskar da ta riga ta fashe, a liƙe murfin sitiyari a bar wurin fanko. Ranar da mai motar zai gane, rana ce da ganewar ba za ta yi masa amfani ba.

Addininmu bai bar wannan a duhu ba. Sananne ne labarin da Imam Muslim ya ruwaito, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin tarin abincin da ake sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi dalilin da bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya nisanta kansa daga mai algus. Malaman fiƙihu kuma sun ba mai saye damar mayar da kaya idan aibin da aka ɓoye ya bayyana. Idan hatsin da ruwa ya taɓa ya kai a yi wannan kashedi, ina ga motar da za ta ɗauki mata da yara a hanyar Kano zuwa Zariya?

Kada mu jibge laifin duka a kan dillalai, domin akwai masu amana a cikinsu, na kuma san wanda ya taɓa mayar da kuɗi da kansa. Mu masu mota fa? Wanda ya ji giyabos ya fara fizga, ya ruga wajen wanki, ya sa ta a kasuwa yana cewa kuɗi yake buƙata kawai, shi ma ya ɓoye jiƙaƙƙen hatsi. Bakaniken da mai saye ya ɗauko don ya duba masa, amma ya karɓi na goro a bayan fage, ya ci amana sau biyu. Uzurin da ake yawan kawowa shi ne, "Ni ma haka aka yi mini." Wanda ya cuce ka daban, wanda kake shirin cuta daban, kuma shi bai yi maka komai ba.

Mai saye ma yana da aikin yi. Yawancin motocin zamani suna da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 17 a gindin gilashin gaba, kuma da ita ake binciko tarihin wadda ta fito daga Amurka ta intanet. Motocin da aka yi wa kasuwar can tun daga 1996 suna da kafar da ake jona na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari. Murɗa makulli ka tabbata fitilun gargaɗi sun kama sannan sun mutu bayan inji ya tashi. Ɗaga kafet, shinshina, bi jikinta da maganaɗisu ka ji inda ya ƙi kamawa. Je da bakanikenka wanda kai ka biya shi. Sayen nagari mayar da kuɗi gida ne.

Ƙanina ya rabu da motar nan daga baya. Ya faɗa wa mai sayen cewa ta sha ruwa, ya ɗaga masa kafet ɗin da hannunsa, ya karɓi abin da bai kai rabin kuɗinsa ba. Wasu a majalisa suka ce ya yi wauta. Ni kuwa a duk shekarun da na yi ina sauraron musun Fijo da Beljiyam da ta zamani, ban taɓa ganin cinikin mota da ya kai wannan kyau ba.