Sauƙin da Bai Iso Bunguɗu Ba: Manhajojin Sarrafa Kafafen Intanet a Hannun Manazarcin Hausa

Gabatarwa

A da, duk mai son mallakar kafar intanet sai ya nemi wanda ya iya shirya manhaja ya gina masa, ya kuma koma gare shi ko da harafi ɗaya yake son gyarawa. Manhajojin sarrafa ƙunshiya, irin su WordPress da ta fito a 2003, da Joomla ta 2005, da Blogger, sun zo da alƙawarin sauke wannan nauyi: mutum ya rubuta, ya latsa maɓalli, rubutunsa ya hau. A yau WordPress kaɗai na ɗauke da fiye da kashi 40 cikin ɗari na kafafen intanet na duniya, mujallun jami'o'i da dama kuma sun dogara da Open Journal Systems. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, rabin alƙawarin aka cika wa mai rubutu da Hausa a Gusau da Tsafe da Bunguɗu, kuma cika sauran rabin aikin sassan nazarin Hausa ne, domin maginan manhajojin ba su san da giɓin ba.

Ma'auni na Farko: Harafi

Sunan Bunguɗu kansa ya isa misali. Akwatin bincike na cikin kafa yana ɗaukar "d" da "ɗ" a matsayin haruffa biyu mabambanta, kuma a ilimin harshe daidai ne. Sai dai ɗalibin da ya rubuta sunan garin ba lanƙwasa zai iya rasa maƙalar da aka ɗora da ingantaccen rubutu. Haka mai neman nazari kan Salihu Jankiɗi, wanda aka haifa a Rawayya ta ƙasar Bunguɗu, ko kan Musa Ɗanƙwairo, mai lanƙwasa biyu a sunansa. Idan edita ya ce bari ya zubar da lanƙwasar domin a riƙa samun rubutun, ya gwamutsa "baƙi" da "baki", da "ƙafa" da "kafa". Ko dai a kare ƙa'ida a rasa mai karatu, ko a samu mai karatu a ɓata ƙa'ida.

Akwai kuma gadon da aka taho da shi. Tun shekarun 1990 salon haruffa na Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, suka fitar da marubuta Hausa daga ƙangin sanya lanƙwasa da biro bayan an buga takarda. Hidima ce babba a lokacinta. Amma hikimar irin wannan salo ita ce aron gurbin wasu alamomi, don haka da zarar an kwafi rubutun zuwa kafar intanet sai "ƙasa" ta koma "}asa", "ɗaya" ta koma "]aya". Kundayen digiri masu yawa suna kwance a cikin wannan siga, wasu kuma a sigar "q" da "x" da "v". Manhaja ba za ta faɗa wa malami dalilin lalacewar rubutunsa ba. Sai wanda ya san tsarin Yunikod, wanda ya ba ɓ da ɗ da ƙ da ƴ lambobinsu na kansu, zai gane bakin zaren.

Ƙananan abubuwa ma suna da nasu cikas. WordPress kan juya alamar da ke farkon kalma irin 'Yandoto, tsohuwar cibiyar ilimi ta ƙasar Tsafe, ta mayar da ita alamar buɗe zance. Harafin "ƙ" kuwa, idan ya shiga adireshin shafi, yakan fito a matsayin %C6%99 lokacin da aka kwafe shi zuwa manazarta.

Ma'auni na Biyu: Waya da Layin Sadarwa

Waɗanda suka tsara allon sarrafa waɗannan manhajoji sun ƙaddara mutum ne zaune gaban kwamfuta mai faɗin fuska, ga wuta, ga intanet da ba ya yankewa. Malamin sakandare a Tsafe da ya tattara karin magana ko waƙoƙin noma, galibi wayar hannu ce kwamfutarsa. Tun da WordPress ta sauya editanta a watan Disamba na 2018, ta koma tsarin da kowane sakin layi yake zaman tubali guda, aikin ya ƙara kyau a babban allo, ya ƙara wuya a ƙarami. Jera baitocin waƙa da amshinta ta waya, ba tare da layuka sun tarwatse ba, sai mai haƙuri.

Zamfara ta kuma ɗanɗani abin da ya fi wannan. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a faɗin jihar saboda matsalar tsaro. Gusau ce ta fara samun nata, sauran yankuna sai daga baya. A irin wannan hali, duk aikin da babu kwafinsa a hannun mai shi ya fita daga ikonsa.

Ma'auni na Uku: Wa ke Riƙe da Mabuɗi?

Wannan shi ne mafi haɗari, kuma shi aka fi sakaci da shi. Ɗora maƙala abu ne mai sauƙi. Sabunta rajistar sunan kafa duk shekara, da biyan kuɗin ma'ajiya, da sabunta manhaja, da adana kwafi, su ne ainihin aikin. Abin da aka saba gani shi ne a danƙa komai ga wani matashi da ya iya kwamfuta. Ranar da ya kammala karatu ko ya sauya wurin aiki, sai ya tafi da kalmar sirri, rajista ta ƙare, aikin shekaru ya ɓace. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Wani zai ce, to me ya hana a tsaya ga Facebook da WhatsApp, tunda kowa ya iya su? Amsar ita ce, an gina su ne domin hirar yau. Abin da aka ɗora bara yana da wuyar lalubowa, ba shi da tabbataccen adireshin da za a kafa hujja da shi, kuma ikon share shi yana hannun kamfani.

Kammalawa

Gyaran bai buƙaci malamin Hausa ya zama mai shirya manhaja ba. Jami'ar Tarayya Gusau, da aka kafa a 2013, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke garin, suna da ikon fara abubuwa huɗu. Na ɗaya, a wajabta Yunikod ga kowane kundi da maƙala, tunda Windows da Gboard duk suna da allon haruffan Hausa. Na biyu, a mayar da tsofaffin kundaye zuwa wannan tsari, aikin da umarnin "nemo ka musanya" yake yi cikin mintoci. Na uku, a riƙa sanya sunaye masu lanƙwasa a cikin kalmomin bincike ta siga biyu, matanin kuwa a bar shi bisa ƙa'ida. Na huɗu, rajista da kalmar sirri su kasance da sunan sashe, a hannun malamai aƙalla biyu, tare da kwafin da ke ajiye a ofis.

Ya dace kuma a sanya wannan horo cikin darasin dabarun bincike, kusa da ƙa'idojin rubutu, domin a yau ɗora matani wani ɓangare ne na rubuta shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ranar da malami a Bunguɗu zai ɗora sunan garinsu daidai daga wayarsa, ɗalibi a Tsafe ya neme shi ya samu, ranar ce za a iya cewa manhajar ta yi sauƙi.