Doki Mai Zafi Haƙuri Yake So

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, yau maganarmu a kan doki take. A ƙasarmu doki dukiya ne, kuma daraja ce ga mai shi. Da shi ake hawan salla a Damagaram da Maraɗi da Tsibiri da Tasawa. Da shi ake sukuwa a Yamai da garuruwa da dama. A ƙauye ma, da shi ake zuwa gaisuwa, da shi ake kewaya gonaki masu nisa.

Amma akwai abin da ke damun mu. Duk ranar hawa sai mu ga wasu dawaki bakinsu yana zubar da jini, cikinsu duk raunin kaimi. In an tambayi mai doki, sai ya ce: "Dokina zafi gare shi, sai da haka yake ji." Mu ba mu yarda da wannan magana ba. A ganinmu, doki mai zafi shi ne ya fi kowane doki bukatar haƙuri. Wanda ya azabtar da shi yana ɓata dukiyarsa, kuma yana sa ran mahayi cikin hatsari.

Daga ina zafin yake fitowa?

Allah ya halicci doki don tafiya da kiwo. In an sake shi a daji, yakan yi sa'a 14 zuwa 16 a yini yana kiwo yana tafiya. Mu kuwa sai mu ɗaure shi a turke dare da rana, mu cika shi da gero da dusa. Ranar da aka kwance shi, ƙarfin da ya taru a jikinsa dole ya fita. Sai ya yi tutsu, ya yi tabarya. Sai mu ce mugun doki ne, alhali kuwa ɗaurin ne ya jawo.

Dokin da nauyinsa ya kai kilo 300 yana bukatar kamar kilo 6 na busasshen abinci a yini. Mafi yawansa ya zama ciyawa da harawa. Hatsi kuwa gwargwadon aikin da ya yi: ranar da bai fita ba, a rage masa. Tumbin doki ƙarami ne, kuma doki ba ya iya amai. Saboda haka a raba masa abinci sau uku ko huɗu, kada a jibge masa hatsi gaba ɗaya, don yana jawo mugun ciwon ciki. Ruwa kuma, litir 30 zuwa 40 yake sha a yini, wato kamar bido biyu na litir 20. Da bazara ya fi haka. Wanda ya gyara abinci, kuma yake fita kilisa kullum, ya riga ya rage rabin zafin dokinsa.

Linzamin yaƙi

Mu duba linzamin da muka gada. Yana da ƙarfe mai tsini da ke dukan saman baki, da zobe mai matse haɓa. A bakin doki akwai wani fili tsakanin haƙoran gaba da turame, inda babu haƙori, sai ƙashi da ƴar fata a kansa. A nan linzami yake zama. In an fizge shi da ƙarfi, fatar ta tsage, har ƙashin ya ji rauni.

Wasu dattawa suna cewa da wannan linzami kakanninmu suka hau, kuma ba su yi kuskure ba. Gaskiya ne, suna da dalilinsu. A zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, barde yana sanye da lifidi, mashi a hannu. Dole dokinsa ya tsaya cak, ya juya nan take, in ba haka ba barde ya halaka. To, amma yaƙin dawaki ya wuce. Kuma mu tuna, wannan linzami a hannun gwanaye yake, waɗanda taɓa shi kawai suke yi. Yau kuwa muna ba yaro ɗan shekara 12 shi, yana rataya a kansa don kada ya faɗi.

Dokin da ke jin zafi a baki ba ya natsuwa. Sai ya ɗaga kai sama, ya daina ganin inda yake taka ƙafa. In zafin ya yi yawa, sai ya yi tabarya, har ya faɗa ta baya a kan mahayi. Shawararmu ita ce a koyar da doki da ragama, daga baya a sa masa linzami mai santsi marar tsini. Maƙeranmu suna iya ƙera shi in mun nema.

Kada a hau shi da wuri

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ba a ɗora masa jinka. Dukushi ana fara koya masa tun yana ƙarami: a sa masa ragama, a ja shi, a shafa shi, a ɗaga ƙafafunsa, ya saba da muryar mai shi. Hawa kuwa sai ya kai shekara 3, shi ma mahayi marar nauyi, a hankali. Sukuwa da tsallake su jira sai ya kai shekara 4 ko 5, domin ƙasusuwansa ba su gama ƙwari ba kafin nan.

Haƙora suna faɗin shekaru. Haƙoran gaba na tsakiya suna sakewa yana da shekara 2 da rabi. Na kusa da su, shekara 3 da rabi. Na gefe, shekara 4 da rabi. In ya kai shekara 5, bakinsa ya cika. Mai sayen doki a kasuwa ya duba wannan da kansa.

Yadda doki yake koyo

Doki yana koyo ne daga sassauci. In ka ja linzami kaɗan ya tsaya, saki nan da nan. Wannan sakin shi ne ladansa, da shi yake gane ya yi daidai. In ya tsaya amma kana ci gaba da ja, bai koyi kome ba sai tsoro.

Darasi kada ya wuce minti 20 ko 30, da sanyin safiya ko da marece. A fara da tafiya, sannan sassarfa. Sukuwa ita ce ta ƙarshe. In za a fita daji da sabon doki, a haɗa shi da tsohon doki mai natsuwa, ya bi bayansa. In ya firgita da amalanke ko babur ko leda, kada a doke shi. A tsaya, a bar shi ya duba, ya shinshina. Duka yana ƙara masa tsoron abin ne kawai. Kuma in an juyo gida, a dawo da tafiya. Dokin da aka saba sukuwa da shi zuwa gida, wata rana zai kwashi mahayi a guje ba tare da an ce ya yi ba.

Tsallake

Hanyoyinmu na daji suna da kwazazzabai da kututture da kunya. A jihar Tawa, gonaki da yawa cike suke da ramukan tasa da ake haƙawa don tara ruwan sama. Dokin da bai iya duba ƙasa ba yana iya karya ƙafa a irin waɗannan wurare, kuma karayar ƙafar doki ba safai take warkewa ba. Saboda haka koyon tsallake yana da amfani har ga dokin ƙauye.

A fara da sanda kwance a ƙasa, a wuri mai rairayi. A ja doki ya ƙetare ta da tafiya har ya saba. Sannan a ɗaga ta kamar taƙi ɗaya. Sai bayan makonni a kai santimetir 40 ko 50. Doki ba ya ganin abin da ke dab da hancinsa, daga nesa yake auna tsallensa. Don haka a sakar masa kai, mahayi ya karkata gaba, ya kama geza in yana tsoron faɗuwa. In doki ya ƙi tsallakewa, a rage tsawon sandar, a sake gwadawa. Kada a taɓa sukuwa a wurin da ba a taka shi an duba ba.

Lafiyar doki da ta mahayi

Raunin kaimi ƙofa ce ga ciwon tetanos, mai sandare jiki ya kulle haƙora. Ƙwayoyinsa suna cikin ƙasa da kashin dabbobi, kuma doki yana cikin dabbobin da ya fi kashewa. A wanke kowane rauni da ruwa mai tsabta da sabulu, a nemi malamin dabbobi. Mu ma da ke aiki a barga, mu je likita mu karɓi allurar rigakafinsa.

Yaron da zai yi sukuwa ya sa hular kwano. In ya faɗi a kan kansa, sannan ya yi amai, ko barci ya riƙa fizgar sa, ko jini ya fito masa ta kunne, a kai shi likita nan take. In yana kukan wuya ko baya, kada a zaunar da shi. A kwantar da shi a kan faffaɗan katako, a ɗauke shi ba tare da wuyansa ya motsa ba.

Muna kira ga sarakunanmu da shamakansu, da masu shirya sukuwa, su duba bakin dawaki da cikinsu kafin hawa. Dokin da ke da rauni a mayar da shi barga. In manya suka fara, talakawa za su bi. Mu kuma da muke karatu a ajin yaƙi da jahilci, mu karanta wa masu dawakin garinmu wannan shafi, mu tattauna a kai. Allah ya ba mu haƙurin kiwon abin da ya ba mu amana, amin.