Sankarar Bakin Mahaifa: Haƙƙin da ke Wuyan Masu Ilimin Gobir

Har yau a ƙauyukanmu, daga Kurawa zuwa Sabon Birni da Isa, idan mace ta kamu da ciwon daji, akan jingina shi ga sammu ko iskokai. Alhali masana sun daɗe da gano yadda wannan cuta take somawa.

Jikin ɗan Adam an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta. Ƙwaya ba ta rabuwa gida biyu sai umarni ya iso mata, kuma sinadaran furotin ne ke miƙa wa juna wannan umarni hannu da hannu. Biyu daga cikinsu aikinsu taka birki. Wanda ake kira Rb yana hana rabuwa sai lokaci ya yi, p53 kuwa yana tsayar da ƙwayar da ta lalace ko ya sa ta mutu. Idan ƙwayar cutar HPV ta zauna a bakin mahaifa, takan samar da furotin nata biyu: E7 ya ɗaure Rb, E6 ya sa a rushe p53. Daga nan ƙwayoyi su yi ta hayayyafa babu mai tsawatawa, bayan shekaru ƙari ya bayyana. Likitan Jamus Harald zur Hausen ya sami lambar Nobel a 2008 saboda gano alaƙar HPV da wannan sankara.

A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, a 2020 mata kusan 12,000 suka kamu a Najeriya, kimanin 8,000 suka rasu. A Oktoban 2023 gwamnati ta soma yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafi kyauta, Sakkwato ta shiga a 2024.

To, matar Kurawa da ciwo ya ci ƙarfinta, sai an kai ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a kan hanyar da 'yan bindiga suka addaba. Ita ce ta fi kowa buƙatar rigakafi.

Mun ga abin da jita-jita ta jawo mana a 2003 kan allurar shan inna. Saboda haka wajibi ne likitoci da malamai da ma'aikatanmu su koma gida su fayyace wa iyaye wannan bayani da Hausa, hukuma kuma ta ba masu allura tsaro. Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu, amin.