Madatsun Ruwanmu na Ƙasa: Wa Ke Duba Su?

Kowace shekara, kafin ɗalibanmu na aji shida su zauna jarrabawar fita, mukan tambaye su aikin da kowa yake buri. Amsoshin ba su cika canzawa ba: likita, lauya, ma'aikacin banki, matuƙin jirgin sama. Har yau ba mu ji wanda ya ce yana so ya karanci ilimin ƙasa da duwatsu ba. Da muka taɓa kawo zancen a aji, sai wani yaro ya ce, "Malam, ai ƙasar muka gudo muka bari a ƙauye." Aka kwashe da dariya, mu ma muka dara. Amma maganar ta tsaya mana a rai, domin ruwan da ɗimbin jama'a suke sha a Arewa, da wanda ake noman rani da shi, tarin ƙasa ne yake tare da shi.

Mu ɗauki dam ɗin Tiga. An gina shi a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Wanda bai taɓa zuwa ba zai zaci katangar kankare ce, alhali kuwa jinga ce ta ƙasa, tsawonta kusan kilomita 6, tsayinta kusan mita 48. Daga nan ruwa yake tafiya gonakin Kadawa, birnin Kano kuma yana sha daga gare shi. Dam ɗin Challawa da aka gama a 1992 shi ma na ƙasa ne. Haka ƙananan madatsun da ke ƙauyukan da yawancinmu muka fito.

To, yaya ƙasa take tare ruwa mai yawa haka? Ba a zuba ta kara zube. A tsakiyar jingar akan sa yumɓu, domin ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, ruwa ba ya ratsa shi sai a hankali. A gefe da gefe akan jibga ƙasa mai tsakuwa, wadda nauyinta yake riƙe yumɓun. Bayan yumɓun kuma akan shimfiɗa yashi wanda aka tace, watau matata, domin ɗan ruwan da ya ratso ya wuce ba tare da ya ɗebi ƙasa ba. Fuskar da ke kallon ruwa ana jera mata duwatsu saboda igiyar ruwa, ta baya kuwa a shuka mata ciyawa saboda zaizaya.

Yumɓun ma iri-iri ne, nan kuwa darasin kemistiri yake shigowa. Jar ƙasarmu ta samo launinta daga tsatsar ƙarfen da ke cikinta, kuma yumɓunta ba ya kumbura sosai in ya jiƙe. Baƙar lakar da ake kira firgi a wajajen Tafkin Chadi halinta dabam ne: tana shan ruwa ta kumbura da damina, da rani ta motse ta dare har hannu ya shiga. Injiniyan da bai bambance waɗannan biyu ba zai gina jingar da za ta tsage tun ranin farko.

Bayan zaɓen ƙasa sai daɓe, kuma a nan iyayenmu mata sun riga mu sani. Duk wanda ya ga ana daɓen ɗaki ya san akan yayyafa ruwa daidai misali. In ƙasar ta bushe ba ta kamawa, in ruwa ya yi yawa sai madaɓi ya riƙa nutsewa cikin caɓi. A 1933 wani injiniya Ba'amurke mai suna Ralph Proctor ya mai da wannan sani gwaji na lissafi, ya nuna cewa kowace ƙasa tana da gwargwadon laimar da take daɓuwa fiye da kowane. Har yau da gwajinsa ake aiki. Shi ya sa ake zuba ƙasar jinga shimfiɗa-shimfiɗa, kowace ba ta fi taƙi guda ba, a bi ta da mota mai nauyi sau da yawa, a auna, sa'an nan a ƙara wata. Ɗan kwangilar da ya zuba da kauri don ya gama da wuri ya binne rauni inda ido ba ya gani. Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane.

Hanya biyu ce jingar ƙasa ta fi karyewa. Ta farko ita ce ruwa ya fi ƙarfin magudanar da aka yi masa, ya haura ta kan jingar. Kankare yakan jure wannan, ƙasa kuwa nan da nan take zaizayewa. Ta biyu ta fi ɓoyuwa: ruwa ya samu ɗan tsagi, ya riƙa ɗibar ƙasa kaɗan kaɗan daga ciki, har ya haƙa wa kansa rami daga wannan gefe zuwa wancan. Abin da ya ci dam ɗin Teton ke nan a Jihar Idaho ta Amurka, ranar 5 ga Yuni 1976. Sabo ne fil, ana cikin cika shi karo na farko. Da safe aka ga ruwa mai laka yana ɓulɓulowa daga jikinsa, kafin azahar ya ɓalle, mutum 11 suka mutu.

Mu ma a gida mun ɗanɗana. A watan Agusta 1988, bayan ruwan sama mai yawa, dam ɗin Bagauda a Jihar Kano ya ɓalle, ya lalata gidaje da gonaki. A watan Satumba 2024 dam ɗin Alau da ke kan Kogin Ngadda ya ɓalle cikin dare, ruwa ya mamaye unguwanni masu yawa na Maiduguri, har da kasuwa da asibiti, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. Shekara 30 ke nan cif bayan ambaliyar 1994 da ta shafi wannan birni.

Ra'ayinmu shi ne, mun iya bikin buɗe dam, amma ba mu iya zama da shi ba. Ranar buɗewa akwai makaɗa da jawabai, bayan nan sai a bar jinga da damina da rani su yi ta kokawa. Mun taɓa kai ɗalibai yawon ilimi wata ƙaramar madatsa a wani ƙauye. Abin da muka gani ya tsorata mu. Itatuwa sun girma a kan jingar, shanu sun yi turba ta kanta har ta lotsa, ga suri a jikinta, a gindinta kuwa wasu samari suna haƙar ƙasa suna buga tubali. Ba mugunta ta sa su ba, babu wanda ya taɓa gaya musu cewa nauyin ƙasar nan shi yake riƙe ruwan da ke bisa gidajensu.

Wani zai ce wannan aikin gwamnati ne, ina ruwan ɗan makaranta da shi? Gaskiya ne, gyaran babban dam ya fi ƙarfin ƙauye, kuma wajibi ne hukumomi su ware kuɗin kulawa kowace shekara, su riƙa aika injiniyoyi kafin damina, su shirya yadda za a faɗakar da mutanen da ke ƙasa da dam in hatsari ya taso. Amma injiniya yakan zo ne jifa-jifa. Masunci da makiyayi da ɗalibin da ya je hutu su ne suke wucewa ta wurin kullum, su ne za su fara gani, in sun san abin da za su duba.

Saboda haka, ga abin da muke roƙon kowane ɗalibi ya lura da shi in ya koma gida. Ɗan ruwa garau da ke tsattsafowa a gindin jinga abu ne da aka saba gani, amma in ya zama da laka, ko yana ƙaruwa, to jingar ce take fita da shi, a kai rahoto nan take. A duba tsagi, da wurin da ya lotsa, da ramukan gafiya da gara. Kada a bar itace ya girma a kai, gama in ya mutu saiwarsa ta ruɓe sai ta bar wa ruwa hanya. Kada a toshe magudana da shuka ko shara, kada kuma a haƙi ƙasa a gindi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Kakanninmu sun san haka. Ganuwar Kano, wadda aka fara ginawa zamanin Sarki Gijimasu fiye da shekara 800 da suka wuce, ta daɗe tsaye ne domin ana fita aikin gayya ana gyara ta. Da aka daina, ga yadda ta koma. Maginanmu kuma suna yaɓe da makuba domin ruwa ya zame daga bango, suna sabunta shi kafin ya lalace.

Ku da kuke barin makaranta bana, muna fata a cikinku a samu ko da mutum biyu da za su karanci ilimin ƙasa da duwatsu ko aikin injiniya na gine-gine, su dawo su riƙa duba mana madatsunmu. Sauran kuma, duk inda aiki ya kai ku, in kun ga ruwa mai laka yana fitowa daga gindin jinga, kada ku wuce ku yi shiru. Allah ya kiyaye mu, ya ba ku sa'a.