Mu Ƙaru da Juna: Kunya Ba Ta Cika Tankin Jirgi



Wani dattijo a ajinmu na yaƙi da jahilci yana shirin tafiya Makka. Ya tambaye ni: «Malam, in jirgi yana sama, wa ke da iko da shi? Matuƙi ko mutanen ƙasa?» Tambaya ce mai kyau. Ga amsarta.

Sama tana da hanyoyi, kamar yadda daji yake da burtali. Akwai ma'aikata a ƙasa masu ba jirage hanya ta radiyo. Su ne ke cewa: hau, sauka, bi dama, dakata. A ƙasarmu hukumar ASECNA ke wannan aiki. An kafa ta a 1959, kuma tana da makaranta a Yamai inda ake koyar da su. Aikinsu shi ne kada jirgi ya yi karo da jirgi. Saboda haka matuƙi yana bin maganarsu.

Amma ba su ganin tankin mai. Matuƙi ne kaɗai ke ganin abin da ya rage masa. Kafin ya tashi sai ya yi lissafi: man da zai kai shi inda za shi, man zuwa wani fili in na farko ya ƙi, da ɗan ƙari saboda tsautsayi. Bayan wannan akwai ajiya ta ƙarshe, wadda za ta riƙe babban jirgi minti 30 a sama. Ba a so a taɓa ta.

To, wani lokaci hadari ko hazo ko cunkoso yakan sa a canza wa jirgi hanya. A ce ya zagaya, ko ya yi ta kewaye yana jira. Kowane minti mai ne ke ƙonewa. A nan dokar jiragen sama ta duniya ta ce magana ta ƙarshe ta shugaban matuƙa ce. In hanyar da aka ba shi za ta cinye mansa, yana da ikon cewa: «Ba zan iya ba.» Yana iya neman gajeriyar hanya, ko ya sauka wani gari.

Makiyayi ya san wannan. In an ce maka burtali a rufe yake, ka zagaya ta gabas, kai ne ka san rabon shanunka da ruwa. Wanda ya ba ka umurni bai sani ba, sai ka faɗa masa.

Ga abin da ya faru da waɗanda ba su faɗa sosai ba.

Ranar 25 ga Janairu 1990, wani jirgin kamfanin Avianca, ƙirar Boeing 707, ya taso daga ƙasar Kolombiya zuwa birnin New York na Amurka. Mutum 158 ne a ciki. An yi rashin sa'a, akwai hazo da iska da cunkoson jirage. Sau 3 ana sa shi kewaye yana jira. Jiran ya kai minti 77. Man da zai kai su filin Boston, wanda suka tanada, ya tafi cikin jira.

Matuƙan sun nemi a sa su gaba. Sun ce mansu na ƙarewa. Amma ba su taɓa furta kalmar neman agaji da kowa ya sani ba. Da suka zo sauka, iska ta dame su, ba su ga fili ba, suka sake hawa. Shugaban ya ce wa mataimakinsa ya shaida wa mutanen ƙasa suna cikin haɗari. Mataimakin ya sake cewa kawai mai na ƙarewa. Aka ba su hanya mai nisa kafin su juyo, aka tambaye su ko mansu zai isa. Ya amsa yana jin zai isa, har ya yi godiya.

Bai isa ba. Injuna 4 duk suka mutu. Jirgi ya faɗi a wani wuri da ake kira Cove Neck. Mutum 73 suka rasu, har da matuƙan, 85 suka tsira. Ko wuta bai kama ba, don babu man da zai ci.

Masu bincike sun ce babban dalili shi ne matuƙan ba su kula da mansu yadda ya kamata ba, kuma ba su bayyana haɗarin a fili ba. Sun kuma ga gyara a wajen masu tsara zirga-zirga, da rashin kalmomi tsayayyu na maganar mai.

Tun 2012 an tsayar da kalmomi biyu a duniya. Ta farko tana nufin: «Maina daidai yake, kada a ƙara mini jira.» Ta biyu ita ce «Meide», a faɗe ta sau 3, a haɗa da kalmar mai. Asalinta Faransanci ne, ma'anarta a taimake ni. Da an ji ta, sauran jirage za su kauce, a ba shi hanya.

Ƴan uwa, mu mutane ne masu kunya da kara. Hali ne mai kyau. Amma wanda aka ba amanar rayuka ba ya kewaye-kewaye. In rumbu ya kusa ƙarewa, kada ka ce «da sauƙi», faɗi dami nawa ya rage. In yaro na zawo, gaya wa likita kwana nawa ya yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya nuna kafin a taya shi gyara.

Shi kuwa Baba mai niyyar Makka, in ka ji jirginku ya sauka wani gari ba wanda aka nufa ba, kada ka yi fushi. Wataƙila matuƙi ne ya yi lissafi, ya yi magana a kan lokaci.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.