Tanar Roba: Tilas Ne Ta Taso Saman Ruwa?

Tun da Nick Creme na garin Akron a Amurka ya ƙera tanar roba a 1949, masu fatsa da dama a can suke narka robar PVC a gida suna ƙera tasu. Muhawararsu ita ce ko wajibi ne a nemi robar da ke tasowa saman ruwa.

Ba kullum ba. Wannan roba, in an gauraya ta da man da ke tausasa ta, nauyinta kusan daidai yake da na ruwa, alhali dalma ta ninka ruwa nauyi sau 11. Da zarar an ɗaura ƙugiya da dalma, tanar nutsewa za ta yi, kowace iri ce. Gishirin da wasu ke zubawa ciki ma nauyi yake ƙara mata.

A ƙasan ruwa ne bambancin yake bayyana. Kan tanar na ƙasa, wutsiyarta a miƙe tana kaɗawa, tamkar ɗan kifi mai kiwo cikin laka, kuma irin wannan motsi ne ke jawo kifi mai farauta. Wanda ke jan tanarsa da sauri kuwa, gara ya kashe kuɗinsa wajen neman roba mai laushi.