Eviscerate: Turancin fiɗa ne fa, ba zagi ba

Jama'ar makaranta, akwai wata kalma da ta shiga bakin ƴan muhawara kwanan nan, wai eviscerate. Kowa ya yi gardama ya ɗaga murya sai ka ji an ce ya yi eviscerating ɗin abokin hamayyarsa. To tsaya tukuna, mun ma san abin da muke faɗa kuwa?

Kalmar daga Latin ta fito. Viscera shi ne kayan ciki, wato hanji da hanta da tumbi da sauransu, ƙaramin e ɗin da ke gaba kuma yana nufin fitarwa. Aikin da mai kaji ke yi kullum a kasuwar Sabon Tasha ke nan bayan ya yanka ya fige. Ko fiɗa ma ta fi ta faɗi, don mahauci in ya ce zai feɗe akuya har da cire fata yake nufi, ita kuwa wannan kayan ciki kawai ta sani.

Ƴan Agric na KASU da ke Kafanchan, ku abin ya fi shafa. Idan evisceration ya fito a jarabawa, haddace ma'ana ba za ta fisshe ka ba. Malami so yake ka ce bayan figa ake yi, kuma in hanji ya fashe ƙazanta ta ɓata naman, in matsarmama ce ta fashe ɗaci ya gama da shi. Mamarka ta san wannan tun kafin ka ci JAMB, sunan ne kawai ba ta sani ba.

A hira ta yau da kullum kuwa, ni dai gut ta ishe ni. Gajeriya ce, Bature ma ita yake faɗa in zai gyara kifi. Ita ce kuma ƴan jarida ke sawa in sun rubuta fire guts market, ma'ana wuta ta cinye cikin kasuwa ta bar bango tsaye.

Inda ake yawan kwafsawa shi ne wajen fassara. Wasu na cewa daidai take da feɗe biri har wutsiya. Ina! Mai feɗe biri bayani ya yi dalla-dalla, bai ɓoye komai ba. Wanda ya yi eviscerating ɗin hujjarka kuwa ya kwashe abin da ke cikinta ne, ya bar maka fanko. Saboda haka kafin ka rubuta ta a ƙarƙashin bidiyon muhawarar ƴan takarar SUG, duba ka gani ko akwai hujjar da aka rusa, ko ihu kawai aka sha.